Tsakanin Zauren Malam da Asibitin Kware: Wa Zai Riƙe Ɗan Ƙwaya a Ƙauyukan Zamfara?

Babu wani matashi a Zamfara, daga Gummi har Zurmi, da yake haɗiyar tiramol don bai san haramun ba ce. Ya ji a huɗubar Juma'a, ya ji a tafsirin azumi, ya ji a rediyo, ya ji daga bakin mahaifiyarsa tana kuka. Da sanin hukunci kaɗai yana raba mutum da ƙwaya, da jihar da ta riga kowa ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoban 1999 ta daɗe da rabuwa da wannan bala'i. Amma binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ajiye Zamfara ta biyu a Arewa maso Yamma, tana bin bayan Kano: kashi 13.5 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 sun yi mu'amala da ƙwaya a cikin shekara guda, ban da masu giya da taba. A ƙasa baki ɗaya mutum miliyan 14.3 ne, kuma ɗaya cikin biyar daga cikinsu abin ya wuce sha'awa, ya zama ciwon da ba ya iya bari ko da yana so.

Waɗannan na ƙarshe su ne abin magana. Ina ake kai su? Babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke kusa da mu shi ne na Kware, can gaba da Sakkwato, kuma shi ne madogarar Sakkwato da Kebbi da Zamfara gaba ɗaya. Magidancin da ke Ɗansadau, kafin ya isa Gusau ma sai ya ci wajen kilomita 100 a kan hanyar da sau da yawa ba a bin ta sai da rakiyar sojoji. Daga Gusau zuwa Sakkwato akwai fiye da kilomita 200. Ba kuma mutum ɗaya ke kai irin wannan majinyaci ba, sai an sami ƙarti biyu da za su zauna gefensa a mota. Ga kuɗin abinci, ga na magani, ga gonar da aka bari babu mai dubawa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya duka ba su kai 300 ba, kuma yawancinsu suna manyan birane. Shi kuwa zauren malam, taku kaɗan ne daga ƙofar gida. Saboda haka masu muhawara a kan ko ya dace malamai su sa hannu a jinyar 'yan ƙwaya ɓata bakinsu suke yi, domin hannun malamai ya daɗe a ciki. Abin dubawa shi ne wane ɓangare na aikin aka ɗora musu. A ganina an ɗora musu wanda ba su da kayan yin sa, shi kuma wanda babu mai iya yin sa sai su, an bar shi kwance.

Sai an fara sanin ta ƙofar da ƙwayar ta shigo ƙauye. A birni ana kallon ta abin 'yan gayu da zauna-gari-banza. A karkara kuwa maganin aiki ce. Ɗan ƙwadago da ya karɓi jingar noma, in ya gama kafin azahar zai iya kama wata gonar da yamma. Mai haƙar zinare a wajen Bagega ko dazukan Maru da Bukkuyum yana wuni cikin rami, ko ya wuni yana dakan dutse. Ɗan kabu-kabu yana kan mashin daga asuba har dare a hanyar da ta fi ƙarfin ƙugu. Wani abokin aiki ya miƙo masa rabin ƙwaya da kofin shayi, ya sha, ya ga gajiya ta gudu, ya yi aikin mutum biyu. Mai gona ya yaba masa, bai tambayi dalili ba. Likita yana rubuta tiramadol, wato tiramol, mai nauyin miligiram 50 ko 100, kuma ba a so a haura 400 a yini. Wadda ake sayarwa a ɓoye ranar kasuwa, a Mafara ne ko Shinkafi, sau da yawa mai 225 ce, kuma wanda ya yi nisa yakan watsa uku ko huɗu a baki lokaci guda. Bayan 'yan watanni ba don ƙarin ƙarfi yake sha ba, don ya iya tashi daga shimfiɗa ne kawai.

Ƙofa ta biyu ita ce ta baƙin ciki, kuma shekarun nan ta faɗaɗa ƙwarai. Wanda aka harbe wansa a gabansa, wadda ta yi wata biyu a daji kafin a haɗa kuɗin fansa, wanda ya baro rumbunsa yana ci da wuta ya dawo kwana a ajin makarantar firamare a Anka ko Gusau, barci ba ya zo musu da sauƙi. Wani ya nuna musu ƙaramar ƙwayar barci ta diyazefam, ko kwalbar maganin tari. Akwai kuma ta uku wadda kowa ya sani, ta majalisa da abokai da wiwi da sholisho, ba sai na tsaya a kanta ba.

Gwamnati ta gwada toshewa daga sama. Ranar 1 ga Mayun 2018 aka hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC ya tona yadda ake fitar da shi ta bayan gida. A shekarar ce kuma Indiya ta tsaurara fitar da tiramadol. Farashi ya tashi, amma masu buƙata suna nan, sai 'yan kasuwa suka kawo wata haɗin, tafentadol da karisofurodol, wadda ta fi ta farko ƙarfi, har sai da Indiya ta hana haɗa ta a 2025. Kowane hani yana da amfaninsa, sai dai babu wanda ya zo da amsar abin da za a yi da mutumin da jikinsa ya riga ya kamu.

To ga yadda abin yake kasancewa. Bayan sallar isha'i uba ya turo ɗansa gaba har zauren limami, yaron ya durƙusa yana sunkuyar da kai, idanu jajur.

"Allah shi gafarta Malam, ga ɗanku nan. Mun yi faɗa, mun yi bugu, ya ƙi bari. Jiya da dare faɗuwa ya yi yana shure-shure, kumfa na fita mai ga baki. Uwatai ta ce iskoki na. Ku taimaka muna don Allah."

"Subhanallahi. Allah shi sawwaƙe. Bar min shi nan, mu ga abin da Allah zai yi."

Malam bai yi laifi da ya karɓe shi ba, korar su ce za ta zama laifi. Sai dai akwai abubuwan da ke faruwa a jikin yaron nan waɗanda ba a karanta su a Ishmawi ko Risala. Faɗuwar da ya yi, mai yiwuwa ba iskoki ba ne: tiramol idan ta yi yawa tana jefa mutum cikin farfaɗiya, ko da bai taɓa yin ta ba. Idan kuma aka raba shi da ita farat ɗaya, kafin a kwana a wuni zai fara hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina suna zuba, zufa tana karyo masa yana kuma jin sanyi, ga gudawa, ga ciwon gaɓoɓi kamar an yi masa dukan kawo wuƙa, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya, barci ya ƙaurace. Wasu har gane-gane suke yi, suna jin maganganu. Wannan azaba takan ɗauki mako guda ko fiye. Ita kanta ba kasafai take kisa ba in ana ba mutum ruwa ana kula da shi. Mai hatsarin shi ne wanda ya daɗe a kan ƙwayar barci ko giya: shi yankewa lokaci guda na iya jawo masa jijjiga har ya rasa rai, dole sai an riƙa rage masa a hankali bisa lissafin ma'aikacin lafiya. Kuma yawancin yaran nan gauraya suke yi, shi kansa ba zai iya lissafa maka abin da ya sha cikin mako ba. Wani kuma tun asali taɓin hankali ne ya fara taɓa shi, ƙwayar ta biyo baya.

Tofi da rubutu da ruƙiyya suna kwantar wa mai imani hankali, ban raina wannan ba. Amma a dare na uku, lokacin da saurayi mai jini a jika ya tashi zai ɓalle ƙofa ya nufi wurin dila, malam ba shi da allura, ba shi da maganin barci na ƙa'ida, ba shi da ma'aikacin dare. Abin da ke hannunsa igiya ce da mari. Ta nan gidan mari yake samo asali. Da yawansu ba da mugunta aka fara su ba, rashin wata dabara ce, sannan mugunta ta samu wurin zama daga baya, domin duk inda aka kulle mutum babu mai leƙawa, abin da zai biyo baya sananne ne. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Cikin makonni kaɗan aka buɗe irinsa a Daura da Zariya da wasu garuruwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mafi yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna kuma biyan kuɗi. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto a ƙarshen shekarar, ta ce ɗaure masu ciwon ƙwaƙwalwa ba a gidajen malamai kaɗai ta gan shi ba, ta gani a gidajen addu'a na Kirista, da wurin masu maganin gargajiya, har da wasu cibiyoyin gwamnati.

Ko an ajiye maganar zalunci gefe, mari ba ya warkarwa, kuma dalilin a fili yake. Wanda aka ɗaure wata uku bai bar ƙwaya ba, ƙwaya ce ba ta iso inda yake ba. Ranar da aka kwance shi zai koma majalisar da ya bari, da bashin da ya bari, da gonar da take jiran aikin mutum biyu, ga kuma sabon ƙullin iyayensa a zuci. Akwai abin da ya fi wannan muni wanda iyaye ba su sani ba. A watannin nan jikinsa ya manta da sabon da ya yi. Idan ya koma ya watsa huɗun da ya saba watsawa, yanzu sun fi ƙarfinsa, numfashi na iya tsayawa cikin barci. Da safe a ce kwana ya ƙare, a yi masa sutura, babu wanda zai haɗa mutuwar da kwancewar da aka yi masa makon jiya. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙoƙi a rubuce. Doka ce mai kyau. Ba ta dai ƙara gado ko ɗaya a Birnin Magaji ba.

Abin mamaki, addinin da ake ɗaure mutane da sunansa ya zo da wata hanya dabam, kuma kowane ɗalibin tafsiri ya san ta. Ba rana ɗaya aka haramta giya ba. Aya ta 219 a Baƙara ta ce a cikinta akwai zunubi babba da wasu amfanoni ga mutane, zunubin ya fi amfanin girma. Aya ta 43 a Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye. Sai daga baya aya ta 90 a Ma'ida ta ce a nisance ta ɗungurungum. Buhari ya ruwaito Nana A'isha tana cewa abin da ya fara sauka surori ne masu ambaton aljanna da wuta, sai da zukata suka karkata ga Musulunci sannan halal da haram suka sauko, kuma da a ce farkon abin da ya sauka shi ne kada ku sha giya, da sun ce ba za mu bar giya ba har abada. Kada wani ya juya mini magana: hukunci ya riga ya tabbata, babu mai sake buɗe shi. Amma sanin yadda ake yaye zuciya daga abin da ta saba, wannan ba a shafe shi ba. A duba ayar tsakiya da kyau. Ba ta ambaci tulun giya ba, lokaci ta kama. Mutumin da zai tsaya a sahu da azahar da la'asar da magariba da isha'i cikin hankalinsa, yaushe ya rage masa na sha? Salla ce ta riƙa cinye wunin mashayi kaɗan-kaɗan, har ranar da hani na ƙarshe ya zo ya tarar da mutanen da za su iya ɗauka.

Sai kuma labarin sahabin nan Abdullahi da ake wa laƙabi da Himar, mai ba Manzon Allah (SAW) dariya. An yi masa bulala a kan giya, aka sake kawo shi. Wani daga cikin jama'a ya tsine masa, yana mamakin yawan kawo shi da ake yi. Annabi ya ce kada ku la'ance shi, wallahi abin da na sani shi ne yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar ta Abu Huraira, da aka yi wa wani mashayin mugun baki, cewa ya yi kada ku zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Abu biyu nake gani a nan. Mutumin ya koma ruwa ba sau ɗaya ba, a Madina, a gaban Annabi, kuma ba a ce tubansa na baya ƙarya ba ne. Sannan an hukunta shi, amma ba a cire shi daga jama'a ba, gobe yana nan cikinsu. Masu binciken shaye-shaye a Amurka suna ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa jinya sukan sake faɗawa, kusan daidai da yadda masu hawan jini ko asma suke sakaci da maganinsu ciwon ya dawo. Wanda ya san wannan ba zai yanke ƙauna don yaro ya zame bayan wata biyu ba.

Yanzu a kwatanta da huɗubar da muka saba ji. Tsinannu, ɓata-gari, annoba, a kama su, a kore su. Wanda ake nufi ba ya cikin masallacin, yana bayan gari. Wanda ke ciki mahaifinsa ne, ya sunkuyar da kai a sahu na uku, kuma abin da ya koya daga huɗubar shi ne ya ƙara ɓoye abin da ke gidansa.

To mene ne a hannun jama'ar masallaci wanda babu shi a Kware? Asibiti zai iya fitar da mutum daga makonni biyun farko lafiya, ya gano ko akwai taɓin hankali ko ciwon damuwa a ƙarƙashi, ya ba da magani. Daga nan sai sallama. Shekara biyun da za su biyo baya, waɗanda a cikinsu ake ci ko a faɗi, a ƙauye za a yi su. Abin da mutum yake buƙata a lokacin ba wani abin ƙasar waje ba ne: wanda zai lura ba a gan shi a asuba ba ya biya ta gidansu ya yi sallama, wurin zama bayan magariba wanda ba tsohuwar majalisa ba, da wani aiki da za a ce nasa ne. Zawiyar 'yan ɗariƙa tana da wazifa kullum da zikirin Juma'a, da'ira ce wadda in gurbin mutum ya zama fanko ana gani. Izala tana da 'yan agaji, kuma kada a raina abin da kaki da ɗamara da tsaron sahu suke yi wa saurayin da shekara biyar ba a aike shi ko sayen goro ba. Turawan da suka kafa ƙungiyar mashaya masu taimakon juna a Amurka a 1935, abin da suka gano ke nan, cewa mashayi ya fi jin maganar wanda ya taɓa shiga halinsa, kuma zaman yau da gobe shi ke riƙe mutum. Wani babban nazari da aka fitar a 2020 ya nuna hanyar tasu tana gogayya da jinyar ƙwararru wajen barin giya. Sai dai a ƙauye ba za ka kira taron 'yan ƙwaya ba, inda kowa ya san mashin ɗin kowa in an jingine shi a ƙofar zaure. Dole abin ya shiga rigar da aka saba gani: karatun Ahalari na mutum huɗu ko biyar bayan isha'i, cikinsu har da wani magidanci da ya bari shekaru da suka wuce, wanda limami kaɗai ya san dalilin zamansa a wurin.

Akwai maganar kuɗi, kuma a nan ma ba daga Abuja za a jira ba. Zamfara tana da Hukumar Zakka da Wakafi, kuma kowace kaka ana fitar da zakkar hatsi a garuruwa. Talakan da ƙwaya ta kama bai fita daga sahun faƙirai da miskinai da mabarta da aya ta 60 a Tauba ta lissafa ba. Tsoron malamai shi ne a danƙa masa kuɗi ya kai wa dila, kuma tsoro ne mai tushe. To ba sai an danƙa masa ba. A biya direban da zai kai shi Gusau ko Kware, a biya kuɗin magani kai tsaye, a sauke masa bashin mai shago, a saya masa tunkiya ko buhun taki. Akwai kuma wata sadakar da ba a ambata a mumbari: mutumin da ya bar tiramol ba zai iya aikin tiramol ba, aƙalla a watannin farko. Zai yi rabin jinga ya zauna yana haki. Idan mai gona, wanda watakila shi ne na hannun daman limami, ya sallame shi ya ɗauki wanda ke sha, to ya gaya wa duk 'yan ƙwadagon garin abin da ya fi so, ko da bai buɗe baki ba.

Haɗa malam da ma'aikacin lafiya ba mafarki ba ne, a ƙasar nan aka fara gwada shi. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da masu taɓin hankali a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya. A 2020 Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi a Ibadan da Kumasi ta Gana, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suke zuwa gidajen masu addu'a da masu maganin gargajiya suna duba majinyata suna ba da magani, su kuma masu gidan suna ci gaba da nasu. Bayan wata shida waɗanda aka yi wa haɗin gwiwar sun fi samun sauƙi. Gwajin a kan taɓin hankali aka yi shi, ba shaye-shaye ba, amma darasin yana ɗaukuwa. Mu ma a nan mun ga irinsa: Zamfara tana cikin jihohin da suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, kuma ba a ci nasara ba sai da sarakuna da malamai suka shigo, har aka kai ga ayyana kawar da nau'in cutar na asali a 2020. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsari tun 2008 na koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya kula da ciwon ƙwaƙwalwa da shaye-shaye. Abin da limami yake buƙata daga ciki bai fi karatun yini biyu ba: ya tambayi me ake sha kafin ya fara tofi, ya san cewa mai jijjiga da wanda ba ya farkawa da mai maganar kashe kansa ba na zaure ba ne, kuma ya kasance yana da lambar ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi na gundumarsu. Shi ma ma'aikacin sai ya sauke girman kai ya tako zauren, ya cire takalmi ya gaida malam.

Duk abin da na faɗa zuwa nan maganar maza ce, alhali binciken 2018 ya ce ɗaya cikin huɗu na masu shan ƙwaya mace ce. Ita ba a turo ta gaba zuwa zauren limami. Tana cikin ɗaki, yaro ake aike ya sayo mata, kuma ranar da asiri ya tonu abin da take jira takardar saki ce, ba jinya ba. Budurwa kuwa maganar aurenta ce za ta mutu, har ta shafi ƙannenta. Ƙofarta ita ce malamar Islamiyyar matan aure, da ungozoma, da ƙungiyoyi irin su FOMWAN ta mata Musulmi da ke aiki tun 1985, ga Kiristocin Gusau da Tsafe kuma zumuntar mata. Waɗannan su ne suke shiga har ƙuryar ɗaki babu mai tambayar dalili, kuma su ne ake mantawa da su duk lokacin da aka kira taron wayar da kan malamai.

Akwai abin da ya sa lamarin Zamfara ya fi na sauran wurare tsauri. A nan ƙwaya ta haɗu da daji. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta sha sanar da kama kayan da ta ce 'yan bindiga za a kai wa, kuma mutanen gari sun san hanyar da take bi ta iso hannun ɗan ƙwadago ita ce take wucewa gaba. Saboda haka saurayin da aka sani da sha, zargi na biyu yana biye da shi: wa ya sani ko infoma ne? A garin da aka binne mutane jiya, irin wannan raɗe-raɗi in ya kai kunnen 'yan sa-kai ba a tsayawa bincike. Rufin asiri a nan ya wuce ladabi, rai ne. Limamin ƙauye kuwa sau da yawa shi ne yake zama da mai gari da 'yan Hisba a kan maganar tsaro. In ana so yaro ya buɗe masa ciki, sai ya tabbata abin da ya faɗa a zaure ba zai ji shi a fada ba, in dai ba ya shafi ran wani ba ne. Ranar da aka kama mutum ɗaya ta dalilin abin da ya gaya wa malam, an rufe wannan ƙofa a garin na shekaru. Kada kuma a manta jama'ar da ake so ta riƙe shi ita ma a warwatse take: akwai garuruwan da limaminsu yana gudun hijira a Gusau, ladaninsu yana Kaura, masallacin babu mai kiran salla.

Sai mai sayarwa. Wa'azi yakan siffanta shi kamar wani baƙo da ke shigowa da dare. Sau da yawa ɗan gari ne, kemis ɗinsa yana kallon masallacin Juma'a, kuma da aka tashi yin rufin kwano ya ba da bandir biyu. Lasisin irin wannan shago bai ba shi ikon sayar da tiramadol ba, maganin da sai da takardar likita. Limami zai iya kiran sa gefe ya yi masa nasiha, in ya ƙi ya haɗa shi da mai gari, in ya ƙi ya daina karɓar gudummawarsa, wanda kowa a garin zai gane ma'anarsa. Abin da yake sa da yawa yin shiru ba kwaɗayin kwano ba ne kaɗai. Shagon nan shi ne inda ake samun maganin zazzaɓin cizon sauro tsakar dare, shi ne mai ɗaura ruwa in yaro ya kama gudawa, shi ne mai ba da bashi har kaka. In aka sa hukuma ta rufe shi, kemis na gaba yana garin da sai an ratsa daji kafin a kai, kuma limamin da ya kai ƙara shi za a fara kallo ranar da zazzaɓi ya kayar da wani jariri cikin damina.